An sauya wa Golf inji, giya ta rikice, bakaniken kuma suruki ne

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jan Golf 3 wagon a hanyar Kano zuwa Katsina. Motar ta wani Alhaji ce a unguwarmu, duk mako nake kai masa balas. Kwanakin baya injinta ɗan 1.6 ya buga, sai muka yi shawara a sa mata 1.8 ɗan Beljiyam haɗe da giyabos ɗinsa, don ta ƙara ƙarfin jan lodi. Wan matata bakanike ne, shi ya yi aikin, ko kuɗin hannu bai karɓa cikakke ba. Injin kam lafiya lau, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai. Amma tun da aka ɗora shi motar ta zama wata iri. In tana silo, sitiyari da madubi duk rawa suke. In zan tashi sai in ji "gum" daga ƙasa. Lamba ɗaya sai da kokawa, wani lokacin ma ribas take faɗawa. Lamba biyar kuma in na hau gargada ko na saki totur sai ta fito da kanta ta koma firi. Na ga ya yanke wani ƙarfe ya yi masa walda da sit ɗin, wato mazaunin inji mai roba, bai kai ba, haka ya yi wa sandar giya ma. Duk sanda na koma sai ya ce in yi haƙuri, sabon ɗori ne, zai zauna da kansa. Wani a tasha ya ce giyabos ɗin ne ya mutu, in sayi wani. Alhaji ya fara yi mini kallon wanda ya ci kuɗin. Ina jin nauyin surukina, ina kuma tsoron a karɓe motar. Yaya zan yi?

Direba, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya rufa asiri.

Riƙe kuɗinka, kada ka sayi wani giyabos tukuna. Mutumin tasha bai shiga ƙarƙashin motar ba, da baki ya yi bincikensa. Rawar silo, "gum" ɗin tashi, ribas da ke shigowa ba a gayyace ta ba, da lamba biyar mai guduwa, duka huɗun suna iya fitowa daga wuri guda, wato yadda aka zaunar da injin. In aka kawo wani giyabos aka ɗaura shi a kan wannan zaman, abin da wannan yake yi maka shi ma zai yi, sai dai bashi ya ƙaru. Maganar "zai zauna da kansa" kuwa ba ta da makama. Sabuwar roba takan ɗan saki ta daidaita bayan an yi tafiya da ita, wannan gaskiya ne. Amma ƙarfen da aka yanke aka haɗa a karkace ba ya miƙewa don an yi masa haƙuri. Kullum ka fita da motar a haka, wani abu ne a ƙasa yake ƙara cinyewa.

Waldar da ka ambata ita ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Golf 3, wadda Volkswagen ta ƙera daga 1991 zuwa 1997 (wagon ɗin ya fito a 1993, ya zarce har 1999), jikinta ɗaya ne a ido, amma a ƙarƙashin bonet gida biyu ne. Akwai ƙaramin gida, wato 1.4 da 1.6 mai ƙarfin doki 75, wanda za ka ga an buga masa ABU ko AEA ko AEE, giyabos ɗinsa kuma 085. Akwai babban gida, wato 1.8 da 2.0 masu bawul takwas, da wani 1.6 mai doki 101, su kuma giyabos ɗinsu 020. Da a ce tsohon injinka wannan 1.6 na babban gida ne, da 1.8 ya faɗa wurinsa ba yanka ba walda. Tunda sai da aka ɗauko injin walda, to daga ƙaramin gida kuka tsallaka zuwa babba. A nan kuwa ba inji da giyabos kaɗai ke canzawa ba. Ƙarafan da ke haɗa inji da sit daban ne, sandunan giya daban, wayar kuloci daban, shaf ma, wato ƙarafan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin gaba, sai an duba, hatta salansa, don na ƙaramin ta gaba take fita wajen lagireto, na 1.8 kuma ta baya.

Mai sayar da inji, inji yake sayarwa. Waɗannan ƙananan kayan galibi suna can jikin motar da aka yanko shi daga ita. Surukinka ya tashi ɗori, ya tarar da kayan tsohon inji a hannunsa da sabon inji a rataye, mai mota yana jiran aiki, sai ya yi dabara. Ba mugunta ba ce, kuma ba shi kaɗai ke yin haka ba. Amma dabarar ce ta jawo maka wannan.

Injin Golf 3 da giyabos ɗinsa a kan sit uku suke zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: ɗaya a gaba, bayan lagireto, a kan ƙarfen da ya gitta, biyu a baya a kan gadon ƙarfen da ke riƙe da sitiyari, na dama na inji, na hagu na giyabos. Dutse ɗaya ya gota, tukunya ta karkace gaba ɗaya. Kuma inji ba zaune kawai yake ba. Duk sanda ka saki kuloci a lamba ɗaya, yana ƙoƙarin murɗawa ne, gabansa ya ɗaga sama. In ka saki totur ko ka sa ribas, sai ya murɗo ta ɗaya gefen. Sit ɗin gaba shi ke shan yawancin wannan wahala. "Gum" ɗin da kake ji, ko dai sit ɗin ya yage injin yana tashi yana faɗowa, ko kuma an zaunar da shi kusa da wani ƙarfe yana kai masa duka.

Ga inda zaman inji ya haɗu da giya, kuma nan ne masu cewa "giyabos ne" suke ɓata. Sandar da kake riƙewa a cikin mota, a jikin bodi aka ɗaure gindinta. Giyabos kuwa a jikin inji yake, inda inji ya je nan zai je. Abin da ya haɗa su doguwar sanda ce da ta bi ta ƙasa, sannan wasu gajerun sanduna masu kan roba da suka hau zuwa saman giyabos. Tsawon kowace an auna shi ne bisa inda masu ƙera motar suka ce inji zai zauna. Tsakanin layin ribas da layin ɗaya da biyu, a can bakin giyabos, tazarar 'yar kaɗan ce ƙwarai. A Golf kuma ka san ribas maƙociyar lamba ɗaya ce, sai ka danna sandar ƙasa ka tura hagu ka yi gaba. To in inji ya gota ko da faɗin yatsa ne, layin ya tashi daga inda yake: kai kana neman ɗaya, can ciki hannun yana bakin ribas. In kuma injin yana lilo a kan sit, duk sanda ya murɗa sai ya fizgi sandar, lamba biyar ta fice. Ka lura da kyau gobe, ko a tsaye ne: in kan sandar giya yana yin gaba da baya da kansa sanda kake taka totur kana saki, injin ne ke jan ta.

Kafin ka je wurin kowa, yi abin da ba ya cin ko kwabo. A tasharku ba za a rasa mai Golf 3 da ta zo da 1.8 tun asali ba. Roƙe shi da safe kafin layi ya zo kansa, ku jera motocin biyu a wuri mai shimfiɗa, ku buɗe bonet. Ka tsaya ta gaba ka dubi murfin saman inji a kowacce: shin naka ya kwanta gefe ɗaya? Ɗauki tef ɗin tela ka auna daga fulin inji zuwa ƙarfen casis na dama, daga ƙarshen giyabos zuwa na hagu, daga bayan inji zuwa bangon da ya raba shi da ɗakin direba. Rubuta na motarsa, rubuta naka. Sannan ka kwanta da tocila ka nemi wurin da ƙarfe ke ƙyalli. Ƙasan motar haya duk baƙi ne da ƙura da mai. In ka ga wani ɗan wuri fes kamar an goge shi da yashi, a jikin shaf ko bututun salansa ko gefen kaskon mai, to nan ne abu biyu ke gugar juna. Ɗauki hoton ƙarafan sit na motarsa da wayarka, ka ɗauki naka. Wannan hoton zai yi maka amfani sau biyu, a kasuwa da kuma wurin surukinka.

Sai gwajin murɗawa. A ja birkin hannu sosai, a sa dutse gaba da bayan taya, bonet a buɗe. Kai ka tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, tunda motar da ke rikita ɗaya da ribas ba a tsaya mata a gaba ko a baya. Wani direban ya sa lamba ɗaya ya ɗan saki kuloci har inji ya fara nishi, ya mayar; ya sa ribas ya yi haka nan. Lafiyayyen sit yana barin inji ya ɗan motsa ya dawo a hankali. In ka ga ya yi tsalle, ko ka ji ƙarar daidai lokacin, ka ga sit ɗin da ya gaza da idonka. In kuwa ko gezau bai yi ba amma duk motar na kakkarwa, to an ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe ne, ko an matse robar har ta daina aikin roba. Wannan na biyun shi ya fi kama da rawar silo da ka faɗa. Sai dai a tabbata fulogi huɗun duk suna ci, don injin da ke tafiya da uku zai girgiza mota ko a kan sit na zinare yake.

Maganin ba ƙarin walda ba ne. A je Ƙofar Ruwa, ko duk inda ake yanka motoci kusa da ku, a nemo kayan Golf 3 mai 1.8: ƙarafan sit guda uku na asali da kusoshinsu, sandunan giya gaba ɗaya tun daga gindin sandar cikin mota har zuwa kan giyabos, da wayar kuloci ta 020. Ka tafi da lambar inji da ta giyabos a rubuce. Ta inji tana jikin bulo ɗin ta gaba, sau da yawa kuma akwai takarda manne a murfin bel. Ta giyabos tana ƙasan wuyansa inda ya haɗu da inji, sai an goge mai ake ganinta. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". A ɗora wanda za ka saya kusa da hoton da ka ɗauka.

Game da robar sit ɗin kanta, ra'ayina a fili yake: gara ɗan Beljiyam mai lafiya da sabo mai arha wanda kwalinsa ya fi shi kyau. Ka juya shi a hannu, ka sa sukuddireba ka ɗan banƙara robar ka ga ko ta tsage daga gindi. Wasu sit ɗin na Golf 3 ruwa ne a cikinsu. In ka ga alamar baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikinsa, ya gama aiki, ajiye musu kayansu. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a yanko tsohuwar taya a cusa, ko a narka ƙarfe a haɗe sit ɗin ya zama dunƙule. Ranar farko direba zai yi murna "gum" ya tafi. Bayan wata biyu sai a ga casis ya tsage a gindin sit, salansa ta karye a wuya, kusoshin das-bod suna zubowa. Girgizar da roba ya kamata ta shanye ba ɓacewa take yi ba, wani wurin take komawa.

Yadda ake zaunar da shi ma yana da ƙa'ida, kuma nan ne gaggawa ke ɓata aiki. A rataye inji da sarƙa, ko a tallabe shi da jak da katako a ƙarƙashi. A sassauta salansa daga wuya, a cire sandar giya daga maƙallinta. A sa kusoshin sit ukun duka, amma kada a ɗaure ko ɗaya. Kowace kusa ta shiga raminta da yatsa. Wadda sai an sa ƙarfe an banƙare inji kafin ta shiga, tana gaya maka wani abu bai dace ba, kuma robar da aka ɗaure a miƙe haka ba ta daɗewa. In duk sun shiga, a sauke nauyin inji a kansu, mutum biyu su kama shi su girgiza gaba da baya, hagu da dama, har ya sami wurin zamansa. Sannan a ɗaure. Salansa ita ce ta ƙarshe, ita za ta bi inji, ba inji ne zai bi ta ba. In har akwai wata walda da ba makawa, a jikin bututun salansa misali, a cire kan batir da fulogin kwamfutar inji tukuna.

Shaf ma a dube su a wannan zaman. Na dama ya fi na hagu tsawo, kuma kowanne yana da ɗan wurin shiga da fita a kansa na ciki. In inji ya gota gefe ɗaya, wani shaf ɗin ya tokare, ɗayan ya miƙe har ƙarshe. Alamarsa kakkarwa sanda kake jan totur da lodi, da robar shaf da ke yagewa tana watsa giris. Faifan da ake ɗaure shaf a jikin 020 akwai mai faɗin milimita 90, akwai mai 100, don haka a tabbata wanda ke kai nasa ne, ba an faɗaɗa rami an tilasta ba.

Sai inji ya zauna daidai ake taɓa maganar giya. Wanda ya saita sanda kafin ya gyara sit, sau biyu zai yi aikin.

Fara da raba laifin kuloci da na sanda. Kashe inji, taka kuloci, bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Tayar da shi ka sake bi. In suna shiga sumul inji na kashe, amma da ya tashi sai ɗaya ta ƙi, ribas kuma ta yi "ƙarrr", kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Ribas ta 020 ba ta da zoben da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, shi ya sa ita ke fara tona asirin kuloci. In kuwa a kashe da a kunne duk wahalar ɗaya ce, sanda ce.

Kulocin 020 yana da nasa hali, wanda bakaniken da ya saba da Toyota ko Honda zai iya yi wa baƙunta. Waya ce ke jan hannu a saman giyabos, hannun ya danna beyarin da ke can ƙarshen giyabos ƙarƙashin wani koren murfi, beyarin ya tura wani siririn ƙarfe da ya ratsa tsakiyar giyabos har ya kai ga kuloci. Ko'ina a wannan layin aka sami ci ko tsagewa, tafiyar feda ba ta isa. Wayar ta asali mai saita kanta ce, kuma in ta tsufa ko aka maƙala ta ba daidai ba, sai feda ya kama can ƙasa sosai. Akwai mai noti da ake saitawa da hannu, ga motar haya ni ita na fi so, don direba da sifana ɗaya zai iya gyara ta a bakin hanya. Wani abu kuma da ake mantawa bayan sauya inji: wayar as, wato kaurin wayar da ke haɗa inji ko giyabos da bodi da batir. In ba a mayar da ita ba, ko an ɗaure ta a kan tsatsa, wutar kik sai ta nemi hanya ta bi ta wayar kuloci, ta ƙona rufin cikinta, feda ya yi tauri ba a san dalili ba. Taɓa wayar kuloci bayan an yi kik. In ta yi ɗumi, ka kama ɓarawon. Ka kuma tambayi surukinka, cikin ladabi, ko an raba inji da giyabos kafin ɗori. In an raba, akwai 'yan gajerun ƙarafa biyu masu rami da ke saita su a kan juna. Ɗaya ya faɗi ba a lura ba, kuloci ba zai ƙara saki daidai ba.

Sandunan kuwa, wadda aka yanke aka yi wa walda a jefar da ita. Ko kaɗan kusurwarta ta kauce, ba saitin da zai dawo da ita. A sa na asali, a sabunta bushin da ƙwallon robar da ke tsakiyarsu, don motar da ƙaramarta ta haura shekara 25 ba za a sami robarta da rai ba. Saitin kansa a wuri ɗaya yake: wani maƙalli mai kusa guda da ya kama doguwar sandar a bayan inji. A sa giyabos a firi, a sassauta maƙallin har sandar ta riƙa juyawa a sake, wani ya zauna a ciki ya riƙe sandar giya a mazauninta, a ɗaure. Volkswagen tana da ɗan ma'aunin da ake sawa a gindin sandar don wannan aiki. Kanikawan Golf da suka daɗe a sana'ar sun san tazarar da hannu. Shaidar saiti mai kyau ita ce: ka tura sanda hagu ba tare da ka danna ta ƙasa ba, ta tsaya cak a layin ɗaya da biyu, ribas ba ta samuwa sai an danna; ka tura dama, biyar ta shige har ƙarshe ba a rabi ba. Giyar da ta shiga rabi ita ce ke fita a kan gargada.

Man giya kuma a duba shi yau, kada a jira komai. Giyabos ɗin Beljiyam sau da yawa an tsiyaye mansa kafin a yo jigilarsa, wani kuma ya zube ta ramin shaf a hanya. Shi 020 kusan lita 2 yake sha, 75W-90 mai alamar GL-4, ba kakkauran man difiransha na manyan motoci ba. Lamba biyar tana can ƙarshen giyabos, ita ce ta farko da ke rasa mai in ya yi ƙasa, kuma kai a biyar kake wuni tsakanin Bichi da Kankia. In an daɗe ana gudu da ita a bushe, haƙoranta sun cinye, to ko an gyara komai za ta ci gaba da fita. Ko a nan ɗin ma ba a kai ga sayen giyabos ba, don ana buɗe murfin ƙarshen a canza kayan biyar kaɗai. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a cire sandunan daga kan giyabos a sa kowace giya da hannu a can. In duk sun shiga da ƙarar "ƙas" mai tsabta, cikinsa lafiya yake.

Yanzu maganar surukinka, wadda na san ita ta fi hana ka barci. Kada ka yi masa ita a gareji. Bakanike a gaban yaransa da abokan sana'a ba zai ce "na yi kuskure" ba, ko waye shi, balle ga mijin ƙanwarsa. Same shi a gida bayan sallar isha, ku gaisa, ka yi masa godiyar ragin da ya yi maka, don ya cancanci godiyar. Sannan ka fito da hotunan ka ce, "Yaya, na ga wata Golf mai irin injinmu a tasha, ashe ƙarafan sit ɗinta da sandunan giyarta ba irin namu ba ne. Ina ganin kayan tsohon injin ne suka ƙi karɓar wannan. In na samo na asalin, za ka taimaka mu sake zaunar da shi?" Ka ga laifin ya koma kan kaya, kuma ba ƙarya ka yi ba, can ne yake. Ka ƙara da cewa kana so a kira wanda Golf ce sana'arsa ya saita giyar, shi Yaya ya tsaya a kai. Mai hankali zai gane ka rufa masa asiri. Wannan karon kuma ka biya kuɗin hannu cikakke, ko ya ce ka bari; aikin alfarma shi ya ɗaure maka baki tun farko. Matarka kuwa kada ka sa ta a tsakiya, ko da wasa. In ya dage a kan "zai zauna", ka ce masa Alhaji ya ce a kai motar wani wuri, amma sai ka fara samun wannan izinin daga Alhajin don maganar ta zama gaskiya.

Shi Alhaji, abin da ke sa mai mota zargi shi ne shiru da balas da ke raguwa ba bayani. Je masa da rasit ɗin inji, da hotunan, da jerin kayan da za a saya da farashin da ka jiyo a kasuwa da bakinka. Gaya masa injin da ya biya lafiyayye ne, abin da ya rage kayan ɗori ne da ba a haɗo da su ba. Roƙe shi a ajiye motar kwana biyu ko uku. In yana da wanda ya yarda da shi, ya haɗa ku ku je kasuwar tare, hakan ya fi maka kwanciyar hankali. Ka kuma tuna masa lambar inji ta canza, ya kamata a je ofishin lasin a gyara takardu, rasit ɗin kuma ya riƙa zama a mota, kafin wata rana a tsayar da kai a hanya a ga lambar takarda daban ta inji daban.

Ajiye motar da na ce, ba shawara ce ta in ka ga dama ba. Ka ɗauko mutum shida da kaya har an ɗaure but da igiya, ka tsaya a danja, ka sa "ɗaya" ka saki kuloci mota ta yi baya kan mai babur; ko kana tsakiyar wuce tirela giya ta koma firi. Balas ɗin kwana uku bai kai wannan ba.

In an gama, fita gwaji ba fasinja. Nemi gargada da gangan, ka hau ta a lamba biyar, ka taka totur ka saki sau da yawa kana kallon kan sandar. Bayan mako guda ana aiki, a koma rami a sake bin kusoshin sit da na shaf da sifana, a duba ko man giya na ɗiga. In biyar ta ci gaba da fita bayan duk wannan, rubuto mini lambar da ke ƙasan giyabos ɗin, da abin da aka gani a jikin man da aka tsiyayo, ko akwai garin ƙarfe a ciki ko babu.